Amsa ga ƴar uwar da ke son a raba aurenta ba tare da aboka ba

Salamu alaikum ƴar uwa, na ga tambayarki, kin ce mai gidan ya tahi Libiya shekara ukku ba aike ba waya, kina gidan iyayenki, kuma ba ki da kuɗɗin ɗaukar aboka, wato lauya. Allah shi kawo sauƙi. Ni ma na bi wagga hanya nan Tawa, nawa Abijan ya tahi, kuma ba aboka na gama.

Ki sani dai zaman da kika yi gida ba saki ba ne, ko shekara goma kika yi igiyar na nan. Ni ma da haka nike zato, har wata gwaggona na cewa ai aure ya mutu da kanshi, sai da malam ya ce a'a, sai in miji ya saka ko alƙali ya raba. Idda ma daga ranar da anka raba ake hwara ƙirga, ba daga ranar da ya shiga mota ba.

Nan Nijar ba mu da kod na iyali, auren da anka ɗaura da goro da liman bisa al'ada ake hukunta shi, zuzu, wato alƙali, na zama da asesar, dattawan da sunka san al'ada da addini, kuma da Hausa za ki yi magana, in ya kama akwai tafinta. In kuwa auren sibil kunka yi a meri to shi hanyarshi daban ce. Mu sai da munka hwara zuwa wajen sarki da dangin mijin, sulhu bai yiwu ba, anka ba mu takarda, sannan na wuce jistis.

Takardar ƙarar kuwa, masu rubutun nan da ke zaune bakin ƙofa da tebur su ke rubuta ta da Faransanci zuwa ga shugaban kotu. Nan hwa ki buɗe ido. Wanda ya rubuta min, na zauna ina kuka ina zuba mai labarin uwar miji da kishiya da kayan ɗakina da anka saida, ya cika shafi biyu, da ƙanena ɗan lakkwal ya karanta min a gida wallahi ba watan da mutumin ya tahi a ciki, ba sunan ɗiya, abin da nike nema ma bai fito ba. Munka sake wata gajera: ranar aure, watan da ya tahi, yaushe ya yi aike na ƙarshe, ɗiya nawa da shekarunsu, sai abin da nike roƙo, a raba auren a bar min ɗiya a sa mai kuɗɗin cinsu. Kar ki sa hannu sai an mayar miki da ita Hausa kin ji da kunnenki.

Ki haɗa da fotokopin kartinki, takardar aure, da takardun haihuwar yara. In ba a taɓa yi muku takardar aure ba ki faɗa tun wajen girefiye, magatakardan kotu, da shaidu ake yin hukuncin da ke maye ta. Kuma ki duba sunaye, ni sunan babana Mahamadu ne a wata, Mamman a wata, wannan kaɗai ya ci min sati ukku.

Sammaci tunda ba ya ƙasar wajen wanshi anka kai, anka ɗaga zama sau biyu ana jiran ko zai kira. Shaidu biyu na kai, maƙwabcinmu da mai shagon da nike cin bashin hatsi wajenshi, kuma maganar mai shagon ta hi komi nauyi. Ki yi hattara kar dangin su maida abin hul'i su ce ki biya sadaki, ke dai ki tsaya kan rashin ci da sha.

In abin ya cuɗe ki tambayi biron ANAJJ a babbar kotu, hukumar gwamnati ce mai taimako kan shari'a, tun 2011 anka kafa ta don taimakon marasa hali. Ranar da anka yanke kuma kar ki tahi da baki kawai, ki koma ki amshi takardar hukuncin mai tambari, ita za a nema ranar wani auren ko takardun yara. Tawa tana cikin leda ƙasan akwati, fotokopi ukku na yi mata.