Hukuncin Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari Ga Mai Ɗaga Ƙarfe

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni budurwa ce daga Birnin Kebbi, shekara uku ke nan ina wasan ɗaga ƙarfe da yardar mahaifina. Mai horar da ni ya kawo mini wata ƙwaya da allura, ya ce duk manyan 'yan wasa suna amfani da su, kuma za mu dakata kafin lokacin gwajin fitsari. Tunda ba giya ba ce, ba ta sa maye, shin akwai laifi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki sha.

Motsa jiki halal ne ga mace, Nana A'isha ma ta yi tseren gudu da Annabi (SAW) kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Sharaɗin shi ne suturta jiki, da guje wa keɓancewa da namijin da ba muharrami ba, ko da mai horarwa ne, da kuma tafiya gasa tare da muharrami. Tun 2011 hukumar wasan ta duniya ta yarda a sa kaya mai rufe hannu da ƙafa, don haka babu uzurin buɗe jiki.

Ita kuwa ƙwayar, haramun ce, kuma ba sai ta sa maye ba.

Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannu cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa. Ya ce masa me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito. Ke 'yar ƙasar shinkafa ce, kin san sunan da ake kiran wanda ya zuba tsakuwa a gindin buhu ya rufe da mai kyau. To wadda ta hau dandali da ƙarfin allura, ta bar alƙalai suna zaton ƙarfin atisaye ne, sana'arsu ɗaya. Ga kuma takardar da kika sa wa hannu cewa za ki bi dokar gasa, alhali Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin wata. Mariam Usman ta wakilci Najeriya a ɗaga ƙarfe a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, ta ƙare ta biyar. Sai a 2016, da aka sake gwada fitsarin da aka adana, aka gano biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta sun yi amfani da ƙwaya, lambar tagulla ta dawo gare ta. Shekara takwas wasu na riƙe da abin da ba nasu ba. Lambar ta dawo, amma wa zai mayar mata da ranar? Wannan shi ne cin dukiyar mutane da ɓarna, kuma irin wannan zunubi istigfari kaɗai ba ya wanke shi sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Sai cutarwa. Yawancin waɗannan alluran dangin sinadarin maza ne. Suna kaurara muryar mace, su fito mata da gashin fuska, su rikita al'ada, su taɓa hanta da zuciya, kuma muryar sau da yawa ba ta komawa. Jikinki amana ne, hadisi kuma ya ce babu cuta babu cutarwa.

Batun dakatawa kafin gwaji kuwa, shi kansa shaida ne cewa mai horar da ke ya san sata ce. Chika Amalaha, 'yar Najeriya mai ɗaga ƙarfe, tana da shekara 16 ta ci zinare a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014, aka karɓe saboda an samu maganin sa fitsari a jikinta, irin wanda ake ɓoye ƙwaya da shi. Sunan yarinyar ne duniya ta ji.

Idan likita ya rubuta miki magani don wata lalura ta gaskiya, wannan daban ne, ki sanar da hukumar gasa ki nemi izini a rubuce. Shi kuma mai horarwar, ki gaya wa mahaifinki yau, ki rabu da shi, domin akwai ƙannenki mata a hannunsa. Wallahu a'alam.