Kuɗin cefane ya gaza, ga auta yana ramewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a gida. Maigida yakan auno gero da masara a farkon wata, sannan ya ba ni naira 10,000 na cefanen sati. Kafin Laraba kuɗin sun ƙare, sai tuwo da kuka har Juma'a. Autana mai shekara 2 sai ramewa yake, maƙwabciyata ta ce in sayo masa maganin cin abinci a kemis. Yaya zan tsara abincin dare, kuma in sayo maganin? Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tunda akwai hatsi a gida, rabin aikin ya ƙare. Abin da ke cinye miki kuɗi shi ne awon kullum, yau a aiki yaro ya sayo ƙullin wannan, gobe na wancan. Ki shiga kasuwar 'Yar Kutungu sau ɗaya a sati, ki fara da abin da ba ya lalacewa: wake, waken suya, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, manja, da busasshen kifi ko da ɓaraguzansa ne. Ganye kaɗai za ki bar wa sayen kullum.

Ki raba waken gida uku. Dare ɗaya ɗanwake, dare ɗaya faten wake da alayyafo, kashi na uku ki zuba shi cikin dambu ko faten tsaki. Dare biyu tuwo, amma a miyar ki daka ƙuli-ƙuli da kifi su narke a ciki, don kowa ya samu, ba sai mai dogon hannu ba. Wani daren kwaɗon zogale ko rama, wani kuma taushe da kabewa. Sati ya cika ke nan. Waken suya ya fi nama sinadarin gina jiki idan aka auna su nauyi ɗaya, saboda haka ki soya shi sama-sama, a niƙa miki tare da gero, ya zama garin kunun auta. Ki jiƙa wake tun safe, zai rage miki gawayi, ki kuma sassauta da kanwa, yawanta na kashe wasu bitamin.

Yanzu maganar maganin nan. Kada ki saya. Wallahi babu satin da zai wuce ban ga uwa ta zaro kwalba ko ƙullin ƙwayoyi daga jaka ba, tana ce mini ai yaron ya fara kumatu. Abin da ake haɗa muku a kemis, wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, yawanci abu biyu ne. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke sa barci da jin yunwa. Ɗayan kuma deksametason ne, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa da lissafi. Shi ne ke tara ruwa da kitse a fuska, ya hau da sukari da jini, ya karya garkuwar jiki, ya tauye girman yaro. Kumatun da ake murna da su ba tsoka ba ce. Kuma ki tambayi kanki, 'yar'uwa: yaron da aka buɗe wa ciki da ƙwaya, aka ajiye masa koko tsararo, me aka ƙara masa ban da yunwa? Mai kemis ɗin bai auna yaron ba, bai tambayi ko yana gudawa ba, bai ma gan shi ba. Kuɗinsa kawai ya karɓa, kuɗin da za su sayi ƙwai da gyaɗa.

Abin da ya fi ba ni takaici, akwai tamowar da ke zuwa da kumburi. Sai kakar yaro ta ga ƙafa ta cika, ta ce maganin ya karɓe shi. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, ba ƙiba ba ce, ranar za ki kai shi asibiti. Ko babu kumburi, ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a zagaya masa tef ɗin awo mai launuka a dantse. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, tsakanin nan da 12.5 kuma ruwan ɗorawa, matsakaiciyar tamowa. Wadda ta riga ta daɗe tana ba ɗanta ƙwayar kuma, kada ta yanke rana ɗaya, yankewar ma tana da haɗari. Ta tafi da kwalbar a nuna wa likita.

Abu na ƙarshe, ki cire auta daga kwanon taro. Ɗan shekara 2 ba ya iya kokawa da yayyensa a kan tuwo, kuma cikinsa ƙarami ne, yana bukatar ci sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Ki zuba masa nasa daban, ki ɗiga cokalin manja ko man gyaɗa, ki zauna kusa da shi har ya cinye.