Gawayi, Gas ko Hita: Amsoshin Tambayoyinku na Hunturu

Tun da iska ta juyo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, gaisuwa ta sauya. "Ina sanyi?" "Lokacinsa ne." Ba a jimawa hirar ke gangarawa kan farashin buhun gawayi. Saƙonnin wannan makon ma can suka nufa.

Tambaya: Muna zaune a Bukuru, kusa da Jos, kuma surukata ta zo mana daga ƙauye. Ta ce ita ba ta barci sai da kaskon wuta a ɗaki, kuma jikokinta biyu a wajenta suke kwana. Maigida ya ce zai sayo hita ta lantarki. Wanne ya fi? Daga wata uwargida.

Amsa: 'Yar'uwa, sanyin Jos ba abin wasa ba ne. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka Iya ba shagwaɓa take yi ba. Amma kaskon nan kada ya kwana a ɗaki, ko da dare ɗaya.

Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ganin garwashi ya yi jajir babu hayaƙi, sai a ce ai ya huce. A lokacin ma gubar tana fita. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa barcinsa kawai ke ƙara nauyi, kuma yara ne ke fara galabaita.

Na san me Iya za ta ce: shekara sittin tana kwana da wuta, ga ta da ranta. Gaskiya ta faɗa. Sai dai ɗakin da ta saba da shi na jinka ne ko na soro mai ƙofar asabari, iska na shiga ta ko'ina. Naku na siminti ne da silin da tagar gilashi, wataƙila har kin toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda ƙura. Ba ke za ki faɗa mata wannan ba. Ki bar ɗanta ya yi, a bakinsa zai fi daɗin ji.

Hita kuma sai ku yi lissafi. Yawancinsu suna jan wat 1,000 zuwa 2,000. Babbar idan ta yi awa biyar ta sha yunit goma, kuma a ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024 masu layin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, sun koma biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Kin ga dare ɗaya ya haura dubu biyu, in ma an bar wutar. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. In har za a saya, a ɗauki ta lantarki mai mai a rufe a cikinta wadda ba ta da jan waya a fili, a kunna ta awa ɗaya kafin kwanciya, a soket ɗin bango kai tsaye, nesa da labule da gidan sauro.

Da ni ce, da kuɗin zan sayi bargo mai kauri, safa da hular sanyi, in shimfiɗa darduma a kan tayil. Iya ta ji ɗuminta a tsakar gida bayan Isha'i, ana hira ana gasa dankali. Lokacin kwanciya a zuba ruwan zafi a jarka mai murfi sosai, a naɗe da zani, a ajiye mata wajen ƙafa.

Tambaya: Gas ya fi ƙarfina, musamman yanzu da kowa ke son ruwan zafi da asuba. Ina tunanin sayar da silindata mai kilo 12.5 in koma itace gaba ɗaya. Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, kada ka sayar. Yau za a taya ta da arha, ranar da ka nemi wata kuwa sai ka riƙe baki. Raba musu aiki za ka yi. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, abin da ke isa tukunya bai fi kashi ɗaya cikin shida ko bakwai ba, alhali gas yana kai kusan rabi. Saboda haka shayi, ɗumame da kunun yara su zauna a kan gas. Wake, ganda da tukunyar ruwan wanka, waɗanda ke shan wuta da daɗewa, a kai su kan gawayi a waje. Ruwan alwalar asuba a tafasa tun dare a zuba a babban filas. Wannan kaɗai zai rage maka abin da ba ka zata ba.

Wajen sayen gawayi, ɗauki guda biyu ka gwara su. Na kirya ko marke yana da nauyi, yana ƙara kamar ƙarfe, shi ya sa maƙera ke neman na kirya. Wanda ya yi sakayau yana marmashewa a hannu, kafin tuwo ya nuna ya zama toka. Ka sa a zazzage buhun a gabanka, don wasu manyan suke jerawa a baki, ƙasa kuwa gari ne zalla. Itace in ya zama dole, busasshe. Ɗanye hayaƙi za ka saya wa uwargida, ga tarin hunturu dama yana jira.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya. Hitar da ake tsomawa a bokiti fa? Daga wani ɗanku.

Amsa: Ɗana, ita ce mafi arha, ita ce kuma ke yawan tayar da gobara a ɗakunan ɗalibai. An ɗauke wuta, ka manta ta a jone ka tafi aji, aka dawo da wuta, ruwa ya ƙone, roba ta narke. Ƙara kuɗi kaɗan ka sayi butar lantarki mai kashe kanta in ta tafasa. Buta biyu a rabin bokiti sun ishe ka wanka.