Yaya Ya Ce Baba Ya Ba Shi Gonar Tun Da Ransa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara 6 ke nan, ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, maza uku, mu mata huɗu. A zaman dangi aka naɗa babban yayanmu wakili, aka kai takarda kotu don ya karɓo kuɗin Baba a banki. Gonarmu ta hanyar Ɗan Isa ba a raba ta ba, shi ke nomawa, duk kaka ya aiko wa kowace ɗiya mace dami biyar na hatsi. Yanzu gari ya cim ma gonar, masu yanka filaye sun taya, sai ya ce ai Baba ya ba shi ita tun da ransa. Inna ta ce in na kai ɗan'uwana gaban alƙali ba ta yafe ba. Yaya zan yi?
Daga wata baiwar Allah, unguwar Bagalam, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai, ki riƙe zancen damin nan da kyau, shi ne hujjarki mafi ƙarfi. Wanda aka ba gona kyauta me zai sa shi auna wa ƙannensa mata dami biyar-biyar, shekara shida ba fashi? Zai ce zumunci ne. To, a tambayi mai amalanken da ke kawowa abin da ake ce masa ya faɗa a ƙofar gida. In "ga rabonki na gona" ne, Yaya ya riga ya yi wa kansa shaida.

Kyauta kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta cika da faɗar baki. Sai wanda aka ba ya karɓa, abin ya fita daga hannun mai bayarwa tun yana raye da lafiyarsa. In har Baba ya rasu hatsin gonar na shiga rumbunsa, shi ke cewa a shuka wake ko gyaɗa, to gandu ce, Yaya noma kawai yake yi. In ma wasiyya yake nufi, ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Takardar wakilci ita ma ba ta mayar da shi mai gona ba. Ɗan aike ne aka ba hatimi: ya karɓo, ya biya bashin mamaci, ya kawo lissafi.

Ga rabon, in dai iyayen Baba sun riga shi rasuwa. A ce gonar ta yi miliyan 8 na sefa bayan an fid da bashi. Matan biyu su raba tumuni, miliyan 1, jika 500 kowace. Saura miliyan 7 a kasa goma: ke jika 700, kowane namiji miliyan 1 da jika 400. Ki gwada wannan da dami biyar.

Batun Inna ne ya fi tsaya mini a rai. Gwaggona haka aka yi mata a wani ƙauye kusa da Tibiri. Aka ce mace ba ta gadon ƙasa, miji zai ba ta gamana. Mijin ya rasu, 'ya'yan kishiya suka karɓe gamanar. Ina yaro na raka ta kotu, muka wuni a gindin dogon yaro da ƙullin goro a bakin zanenta, aka ɗage zama aka sake ɗagewa, har dattijon da ya san iyaka ya rasu. Ba ta samu ko taki ɗaya ba, don ta yi kunya shekara ashirin kafin ta buɗe baki. Saboda haka ba zan ce ki yi shiru ba. Amma Inna ba ta hana ki sulhu ba, kuma ita kanta tana da rabo a ciki, a tuna mata.

Dama tsarin ƙasarmu bai ce a fara da alƙali ba. Kundin dokokin karkara na 1993 ya sa rikicin gona ya fara bi ta hannun sarakunan gargajiya. Ki sa kawu ko baffa ya tara ku da malamin da ya san ilmin gado. In ya gagara, sai mai gari, daga nan fadar sarki. Su sulhu suke yi, kuma ko an shirya ko ba a shirya ba, ki nemi a rubuta takarda. Kada ki dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maki da Hausa ba, takardar sulhu tana ɗaure wanda ya sa hannu. Ta rashin sulhun ce za ki riƙa zuwa kotu, inda alƙali ke zama da mataimakan da suka san al'ada da fiƙihu.

Abin gaggawa shi ne cinikin. Ku huɗun ku je wurin mai gari da hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda ke kula da yankin, ku shaida masu gonar ta magada ce, ba a raba ba. Kofo ba ta shari'a, amma ita ke ba da takardar saye da sayarwa, kuma mai kuɗi ba ya son filin da ke da magana a kai. In aka riga aka kafa duwatsun iyaka, aka sayar wa mutum talatin, to da mutum talatin za ku yi shari'a. Ki tafi makon nan, ki kuma nemo mai amalanken tun bai tafi cirani ba.