Shekarar 2023 daga Maraɗi: wane lamari ne ya fi girma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Gardama ce ta kaure a fadarmu ta shayi a kan abu mafi girma da ya faru a duniya a shekarar 2023. Wani ya ce yaƙin Gaza, wani ya ce girgizar ƙasar Turkiyya, ni kuwa na ce juyin mulkin 26 ga Yuli na nan Nijar. Suka yi mini dariya, wai wannan maganar gida ce, ba ta duniya ba. Mun yi yarjejeniya, wanda bai yi daidai ba shi zai sayi ganye da sukari na wata guda. Don Allah Malam a raba mu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Na shekara da shekaru ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, kuma irin wannan gardamar ita na fi so, don ba a gama ta da kalma ɗaya. Sai dai kafin a kai ga sukari, ku fara daidaitawa a kan tiyar da za a yi awo da ita. Ta yawan rayukan da aka rasa daban, ta sauyin da abu ya kawo wa siyasar duniya daban, akwai kuma ta uku wadda masu karanta labarai a rediyo ba su cika damuwa da ita ba, wato yadda abu ya taso daga can ya shigo tukunyar gidanka.

In da tiyar farko za a auna, a yini guda, mai maganar Turkiyya ya yi gaskiya. Girgizar 6 ga Fabrairu, mai ƙarfin maki 7.8, ta kashe sama da mutum dubu 50 a Turkiyya da Siriya, da yawansu suna barci. Satumba ta zo da nata: ta Maroko ran 8 ga wata ta ci kusan mutum dubu 3, kwana biyu bayan haka madatsun ruwa biyu suka ɓalle a kan garin Darna na Libiya, ruwa ya kwashe unguwanni ya zuba a teku. Allah Ya jiƙansu. Amma bala'i irin wannan, duk girmansa, ba ya canza wanda ke ƙawance da wa.

Gaza kuwa ta canza. Ran 7 ga Oktoba mayaƙan Hamas suka kutsa Isra'ila, aka kashe kimanin mutum 1,200, aka tafi da wajen 250. Abin da Isra'ila ta yi bayan nan kowa ya gani a wayarsa: kafin shekara ta ƙare ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga sama da mutum dubu 21 da aka kashe, mafi yawan mazauna zirin sun bar gidajensu. Maganar ƙulla hulɗa tsakanin Saudiyya da Isra'ila, wadda Amurka ta daɗe tana turawa, ta tsaya cak. Ƴan Huti na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya, manyan kamfanonin jigila suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka. Ran 29 ga Disamba Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara kotun duniya da ke Heg. Da a jarrabawa aka yi wannan tambayar, ɗalibin da ya rubuta Gaza zan ba shi makinsa ba tare da jinkiri ba.

Sai dai dariyar da aka yi maka ba ta da tushe, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Ɗauko kalandar 2023 ka buɗe watan Yuli, ka sa yatsa a kan ranaku huɗu. Ran 17, Rasha ta fice daga yarjejeniyar da ke barin hatsin Yukren ya fita ta Bahar Aswad. Ran 20, Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, ita da ke da kusan kashi 40 cikin 100 na duk shinkafar da ake saye da sayarwa tsakanin ƙasashe. Ran 26, sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum a Yamai, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin shugaban CNSP, majalisar mulkin soja. Ran 30, shugabannin CEDEAO (ECOWAS), ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka zauna a Abuja, suka rufe iyakoki, suka tsayar da ciniki da hada-hadar kuɗi, suka ba da wa'adin mako guda. Kwana goma sha huɗu ke nan, kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba.

Biyu na farko ba da mu aka yi su ba, watakila waɗanda suka sa hannu ba su taɓa jin sunan Maraɗi ba. Amma shinkafar da muke ci galibinta ta Asiya ce, ta tashar Kwatano take sauka, ta hau gadar Malanbil zuwa Gaya. Tsadarta ta tashi tun daga tushe, sannan aka rufe gadar da take bi. Manyan motoci suka yi jerin gwano a can ɓangaren Binin, kaya ya koma tsallakowa a kwalekwale, sauran kuma ya ɗauki doguwar hanyar Lome, ya ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar soja. Kowane juyi na wannan zagayen, mai saye a babbar kasuwa ne ya biya shi. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai, wanda ya ɗora tsadar shinkafar wannan shekarar a kan takunkumi kaɗai ya manta da Indiya, wanda kuma ya ɗora a kan Indiya kaɗai bai je Gaya ba.

Mu nan ma abin ya fi matse mu ta kudu. Ɗan Isa ba ta kai tafiyar awa guda ba, daga can sai Jibiya sai Katsina. Wakenmu da aya da riɗi da jar akuya can suke nufa, har Dawanau ta Kano. Masara da siminti da kayan masarufi daga can suke zuwa. Rufe wannan iyakar kamar a ce wa mutum ya yi numfashi da hanci ɗaya ne. An dai bi ta daji da babura, kamar yadda aka yi lokacin da Buhari ya rufe a 2019, amma abin da babur zai ɗauka ba shi ne na tirela ba. Sannan ga wuta. Wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar nan daga Najeriya yake zuwa a lokacin, namu na Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa. A farkon Agusta aka yanke. Kai tela ne, ba sai na ba ka labari ba. Ni dai na ga telan da ke kusa da gidana ya jawo tsohuwar keken ƙafa daga ƙarƙashin tebur, ya kakkaɓe ƙura, ya ɗiga mata mai, ya ajiye injin surfani gefe an lulluɓe shi da zane. Mai ƙanƙara ta layinmu kuwa firjinta ya zama akwatin ajiye kwanoni. Na kuma tsaya layi a banki tun bayan asuba don albashina, aka ce ga iyakar abin da za a ba kowa, saura sai wani jiƙon, saboda babban bankin BCEAO ya rufe famfo. A watan Oktoba gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100.

To ta ina wannan ya zama maganar duniya? Duba waɗanda suka tashi tsaye a kansa. Ran 10 ga Agusta CEDEAO ta ba da umarnin shirya rundunar yaƙi, Faransa na mara mata baya. Mali da Burkina suka ce taɓa Nijar taɓa su ne. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, kuma sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya, don sun san harsashin da aka harba daga Jibiya ɗan'uwa zai samu a Madarunfa. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka yi ta zirga-zirga, Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta je Yamai. A ganina wannan shi ne abin da marubuta na waje suka fi kasa fahimta a shekarar: zumuncin Katsina da Maraɗi, na Daura da Damagaram, na Sakkwato da Ƙonni, ya taka rawa wajen hana yaƙi fiye da takardun da aka yi ta fitarwa. Ran 16 ga Satumba Nijar da Mali da Burkina suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Jakadan Faransa ya fita a ƙarshen watan, sojojinta kimanin 1,500 suka kammala kwashe kayansu ran 22 ga Disamba. A Nuwamba aka soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta Agadas, dokar da Turai ta dogara da ita. Ga yuraniyom na Arlit, ga sansanin jiragen Amurka marasa matuƙi da ke Agadas a lokacin. Abin da ya taɓa Paris da Washinton da Mosko da Abuja a mako guda ya wuce maganar gida. Ko kana goyon bayan juyin ko kana adawa da shi, wannan lissafin bai canza ba.

Wani abin kuma, tun kafin Yuli shekarar ta fara gwada mana hali, ta hannun naira. Canjin takardun 200 da 500 da 1,000 da babban bankin Najeriya ya yi ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a watannin Fabrairu da Maris, ƴan canjinmu da masu kai dabbobi kasuwannin iyaka suka rasa inda za su sa kansu da tsofaffin takardu a jaka. Ran 29 ga Mayu Tinubu ya hau mulki ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, a Yuli ta haura 600. Ka tuna teburan ruwa-ruwa da ke jere bakin titi, kwalabe cike da fetur rana na haska su? Arharsu duk daga wannan tallafin take. Da ya tafi, sai ɗan kabu-kabu ya ga gara ya shiga gidan mai ya sha na matatar SORAZ a kan sefa 540, dala ɗari da takwas ke nan. A tsakiyar Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta, ta faɗi warwas, alhali sefa na ɗaure da yuro. Mai sayen kaya a Kano ya ji daɗi, mai kai rago ya sayar da naira ya dawo ya canza ya ji a jikinsa.

Sauran manyan labarai zan bi ta kansu da sauri, don nauyinsu sai nan gaba za a ji. Saudiyya da Iran sun shirya a Beijin a watan Maris, Sin ce ta shiga tsakani. Hukumar lafiya ta duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci ta korona a Mayu. Indiya ta wuce Sin a yawan jama'a. Shugaban sojojin hayar Wagner na Rasha, Prigozhin, ya yi wa Mosko tawaye a Yuni, jirginsa ya faɗi a Agusta. Ƙungiyar BRICS ta su Sin da Rasha da Indiya ta gayyaci sababbin ƙasashe a taron Johannesbag, ciki har da Masar da Habasha, Tarayyar Afirka ta samu kujera a G20, sojoji suka kifar da Ali Bongo a Gabon. Masana yanayi kuma suka ce ba a taɓa auna shekara mai zafin 2023 ba kafin ta, mu da muka sha Afrilu da Mayu a nan ba mu yi musu ba.

Hukuncina ke nan: a tiyar siyasar duniya Gaza ce gaba, a tiyar tukunya kai ne gaba, kuma amsarka ta cancanci shiga jerin na duniya. Mai Turkiyya ya samu rabin maki. In dole sai an sayi sukari, waɗanda suka yi dariya su haɗa kuɗin.

Amma da ni ne a fadar taku, da dukanku na ci tara, don ba wanda ya ambaci Sudan. Ran 15 ga Afrilu, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hameti. Kafin ƙarshen shekara waɗanda suka rasa matsuguni sun haura miliyan 7, kusan rabin miliyan sun tsallaka Cadi, maƙwabciyarmu, da yawansu suna gudun kisan da aka yi a El Jenena. Kuma Sudan ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce hanyar kakanninmu ta zuwa Makka a ƙasa, da yawa suka tsaya noma don neman guzuri, suka zauna ke nan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yau ana Hausa a can, ana yi a Gadarif da Kasala da gonakin Jazira. A watan Disamba dakarun RSF suka shiga Wad Madani, babban birnin Jazira, inda dubun dubatar mutanen Khartum suka fake tun farkon yaƙin, suka sake ɗaura kaya suka nufi kudu, hanyar Sinnar da Mai Wurno.