Tambaya da Amsa: Aikin Sa-kai a Gandun Daji da Kare Namun Daji

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan abu guda, wato yadda mutumin da ba ma'aikacin gandun daji ba zai ba da lokacinsa wajen kula da daji, dausayi da halittun da ke cikinsu. Mun taƙaita tambayoyin, masana fannin kuma suka ba da amsa.

Tambaya: Ni lissafi na karanta, ban san komai a ilimin dabbobi ba. Za a karɓe ni kuwa? Ta ina zan fara?

Za a karɓe ka, ɗan'uwa, domin galibin aikin ba ya neman takardar shaida. Abin da hukumomi ke nema shi ne mutumin da zai zo ranar da ya ce zai zo, ya bi ƙa'idar da aka gindaya, ya kuma rubuta abin da ya gani ba abin da ya so ya gani ba.

Ƙofofin shiga uku ne. Akwai hukumomin gwamnati masu kula da filayen al'umma: a Amurka, hukumar gandayen ƙasa tana da shirin 'yan sa-kai tun 1970, tun 1994 kuma ake ware wata Asabar a watan Satumba dubban mutane su fita gyaran hanyoyin daji, dashe da kwashe shara. A Afirka ta Kudu, gandayen ƙasa irin su Kuruga suna da rukunin dogaran daji na sa-kai. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu, kamar RSPB ta Birtaniya da aka kafa a 1889, wadda ke kula da wuraren tsuntsaye da taimakon 'yan sa-kai. Sai cibiyoyin bincike da jami'o'i masu neman hannu wajen tattara bayanai.

Fara da wuri mafi kusa da kai, wanda za ka iya komawa sau ɗaya a wata ba tare da takura ba. Idan za ka rubuta musu, faɗi ranakun da kake da sarari da abin da ka iya. Mai lissafi da ya iya tsara alƙaluma a kwamfuta abin nema ne, saboda takardun ƙidaya kan taru jibgi ba mai shigar da su. Kafin ka fara ka tambayi wane ne zai sa ido a kan aikinka, wane horo za a ba ka, kuma wa ke da alhakin magani idan ka ji rauni. Wurin da ya kasa amsa waɗannan bai shirya karɓar mutane ba.

Tambaya: Ina jin ana cewa ƙidayar tsuntsaye. Yaya ake ƙirga abin da ke tashi sama, kuma wane amfani yake yi?

Amfaninsa a maimaitawa yake. Ƙidayar rana ɗaya ba ta nuna komai, amma idan an ƙirga wuri guda, a lokaci guda na shekara, da hanya guda, shekara 20 a jere, sai a gane irin da ke raguwa tun kafin ya ɓace. Ƙidayar da masanin tsuntsaye Frank Chapman ya faro a Arewacin Amurka a 1900 da mutum 27 har yau ana yin ta, daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, kowace tawaga cikin da'irar da faɗinta ya kai kilomita 24. Tun 1967 kuma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu, ƙungiyar Wetlands International ce ke haɗa kanta. A wasu ƙasashen Afirka ana zana taswirar tsuntsaye: an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, mai ƙidaya ya yi aƙalla awa 2 a ciki, ya rufe jerin tsuntsayen da ya gani cikin kwana 5.

Kayan aiki ba yawa: tabaron hangen nesa mai lamba 8x42 (8 ɗin na nufin yana ninka girman abu sau 8), littafin gane tsuntsaye, ƙaramin littafin rubutu da fensir (tawada na narkewa idan ta jiƙe). Mai lamba 12 ko fiye yana ƙara girman hoto, amma rawar hannu ma ƙaruwa take yi, kuma filin da ido ke gani yana tsukewa.

Idan ƙidayar tsayuwa ce, za ka tsaya a wurin da aka yi wa alama, ka ɗan dakata tsuntsaye su natsu, sannan ka rubuta duk wanda ka gani ko ka ji kukansa cikin minti 5 ko 10, gwargwadon ƙa'idar shirin. Wuri na gaba ya yi nisan mita 200 zuwa 250, don kada tsuntsu ɗaya ya shiga lissafi sau biyu. A fita da sassafe, awa 3 na farko bayan ketowar alfijir, kafin zafi ya sa su yi shiru. Idan garke ne babba a kan ruwa, ba ɗaya-ɗaya ake bi ba. Ka ƙirga 10 a tsanake, ka riƙe girman wurin da suka cinye a idonka, sai ka riƙa auna sauran garken da shi: 10, 20, 30. Garken dubbai kuwa da 50 ko 100 ake auna shi. Sabon hannu yakan rage adadin babban garke, musamman wanda ya cunkushe, don haka a yi gwaji da hoto a gida kafin a fita.

Kurakurai biyu ne suka fi ɓata aiki. Na farko, rubuta baƙon tsuntsu mai ban sha'awa a bar balbela da kurciya don an saba ganinsu. Alhali manhajar eBird, wadda ɗakin binciken tsuntsaye na Jami'ar Kwanel ya buɗe a 2002, ta fi daraja jerin da aka tabbatar an sa duk abin da aka gane, tare da lokacin farawa, tsawon lokaci da nisan tafiya. Rashin ganin tsuntsu ma bayani ne, amma sai jerin ya cika yake da ma'ana. Na biyu, cankar suna. Idan ba ka tabbata ba, rubuta dangin kawai ko ka ɗauki hoto. Ba abin kunya ba ne.

Tambaya: An ba ni kyamarar da ake ɗaurawa a bishiya. Bayan mako 2 na tarar da hotuna fiye da 3,000 na ciyawa, batir ya mutu, kwanan wata kuma duk ba daidai ba. Me ya faru?

Malam, kyamarar lafiyarta ƙalau, inda aka kafa ta ne. Idonta ba siffar dabba yake gani ba, bambancin zafi mai motsi yake ji. Ciyawar da rana ta gasa, iska na kaɗa ta, a wurin kyamarar tamkar dabba ce ta gifta. Sai ta yi ta ɗauka har memori ya cika, batir ya ƙare.

Ka datse ciyawa da rassa har nisan mita 3 zuwa 5 a gabanta, amma kada ka share wurin fes, dabbobi na lura da sauyi. Fuskantar da ita arewa ko kudu, domin hasken fitowar rana da faɗuwarta na wanke hoto, yana kuma tayar da idon a banza. Ɗaure ta a kututture mai kauri wanda iska ba ta girgizawa, tsayin santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa idan matsakaitan dabbobi ake nema. Kada ta kalli turbar dabbobi kai-tsaye daga gefe. Karkatar da ita wajen digiri 45, saboda akwai ɗan jinkiri tsakanin jin motsi da ɗauka, dabbar da ta gifta da sauri wutsiyarta kaɗai za ka samu. Saita ta ta ɗauki hoto 3 a jere, da ɗan hutu kafin ɗauka ta gaba. Batir na litiyam ya fi jure zafi da sanyi, kuma kada a gauraya sabo da tsoho.

Kwanan wata kuwa, kyamarori da yawa na mantawa da shi idan an cire batir, sai a duba duk lokacin da aka canza. Hoton da ba shi da lokaci na gaskiya ya rasa rabin amfaninsa. Kafin ka tafi, rarrafa ta gabanta ka ga ko ta kama ka, ka nuna mata takarda mai lambar wurin da kwanan wata, ka rubuta lambobin GPS. Da tsakar rana mai tsananin zafi, lokacin da zafin iska ya kusa kai na jikin dabba, idon kan gaza. Wannan ba laifinka ba ne.

Tambaya: Na ga tallar wani wuri a ƙasar waje, a biya kuɗi a je a shayar da 'ya'yan zaki marayu. Wannan ma kare namun daji ne?

'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki. Ɗan zakin da aka rena a hannu ya saba da mutum, ba a iya mai da shi daji, don bai koyi farauta ba kuma ba ya tsoron ƙauye. A gonakin kiwon zaki ana raba 'ya'yan da uwa suna jarirai don ta sake haihuwa da wuri, a ce wa baƙi marayu ne. Idan sun girma, da yawansu kan ƙare a farautar cikin shinge ko cinikin ƙashi. A 2021 gwamnatin Afirka ta Kudu ta sanar da niyyarta ta kawo ƙarshen wannan kiwo.

Biyan kuɗin kwana da abinci ba laifi ba ne, shirye-shiryen ƙwarai ma suna karɓa. Abin dubawa shi ne: ana barin baƙi su rungumi dabba? Ana kiwo don a hayayyafa? Dabbobi nawa aka saki, kuma wa ya bi diddiginsu? Akwai lasisin hukuma? Cibiyar jinya ta gaskiya tana rage cuɗanyar dabba da mutum iya ƙoƙarinta, aikin ɗan sa-kai a can wanke keji ne da yanka abinci.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta dasa itatuwa 500 a filin al'umma, bayan shekara ba su fi 60 da rai ba. Ina muka kuskure?

Yawanci a abubuwa kaɗan ne. Rami ya ninka dunƙulen saiwa biyu a faɗi, amma zurfinsa ya tsaya daidai da shi. Dashen da aka binne wuyansa ruɓewa yake yi. A cire ledar gaba ɗaya, a warware saiwar da ta nannaɗe, a danne ƙasa don kada iska ta zauna a ciki. A zagaye gindin da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 10 ba tare da ta taɓa karan ba, a yi shinge saboda dabbobi. A dasa da farkon damina bayan ƙasa ta jiƙu sosai, kuma tun kafin ranar dashe a san wa zai yi ban-ruwa a ranin farko da na biyu. Gara 100 da za a iya reno da 500 da za a bar wa Allah.

Ku kuma nemi iznin hukumar da ke da filin, ku zaɓi irin itatuwan yankin. Ba kowane fili ne ke son bishiya ba: makiyayar ciyawa ta asali da dausayi suna da tsuntsaye da tsirrai nasu, cika su da itace ɓarna ce ko da niyya ta yi kyau. Baƙon tsiro ma haka. Kainuwar nan mai fure ruwan shuni, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, tana iya ninka kanta cikin mako 2. Idan an tsame ta a kai ta nesa da gaɓa ta bushe, in ba haka ba ruwan sama zai mai da ita.

Tambaya: Na yi ritaya, gwiwa ba ta barin tafiya. Akwai abin da zan yi daga gida?

Akwai, Baba, Allah ya ƙara lafiya. A dandalin Zooniverse ana tantance hotunan kyamarorin daji ta waya ko kwamfuta. A shirin Sarangeti na Tanzaniya, kyamarori 225 sun tara jerin hotuna miliyan 1.2, mutane fiye da 28,000 suka tantance su daga gidajensu. Kowane hoto mutane da dama ke dubawa, don haka kuskuren mutum ɗaya ba ya ɓata sakamako. A manhajar iNaturalist kuma kuna iya saka hoton ƙwaro ko tsiron da ke kusa da ku, wasu su taya ku gano sunansa.

Tambaya: Idan ina aiki na ci karo da tarko, ko dabba mai rauni, ko mafarauta fa?

Kada ka tunkari kowa. Ɗan sa-kai ba shi da hurumin kama mutum, mai farautar sata kuma yana iya riƙe da makami. Janye a natse, ka lura da wuri da lokaci, ka sanar da jami'in da ke kula da kai. Tarkon waya mai zarge a ɗauki hotonsa da lambobin wurin kafin a taɓa, domin shaida ce, kuma inda aka ga ɗaya galibi akwai wasu a jere a kan turbar. Cire shi sai an ba ka horo da izni. Kada ka wallafa ainihin wurin da ka ga dabbar da ake farauta ko sheƙar tsuntsu mai wuyar samu. Masu kamawa ma suna karatu.

Dabbar da ke cikin tarko ta fi kowace haɗari, tsaya nesa ka kira masu allurar sa barci. Jemage da tsuntsun da ya mutu ko yake layi ba a taɓa su da hannu tsirara, saboda ciwon haukan kare da murar tsuntsaye. Idan dabba ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, ka nufi asibiti a ranar don allurar rigakafi. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da maganin dafi. Kafin kowace fita a tabbatar allurar tetanos ba ta wuce shekara 10 ba, a tafi mutum biyu aƙalla, a kuma bar wa wani a ofis hanyar da za a bi da lokacin dawowa.