Amsa ga ɗan'uwan da ya ce an yi ta juya wuyan Baba ba a gasa shi ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da shi.

Tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Ka ce Baba tela ne a Tudun Wada, ya haura shekara 60, wata uku ke nan wuya ya riƙe masa, ciwon na sauka ta kafaɗar dama har hannu, ga kwankwaso ma bai bar shi ba. Likita ya tura ku sashen fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki, kuka yi sammako kuka yanki kati, amma wanda ya gan shi bai gasa shi ba, bai sa masa na'ura ba, sai juya nan, sunkuya can, ture hannuna, ya yi rubuce-rubuce ya ce ku dawo ranar Talata. Baba ya ce shi ba zai koma ba, gara a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Kana tambaya ko an yi muku aiki kuwa.

An yi muku aiki, don Allah ka lallashe shi ya koma. Shekarata 12 ina wannan sana'a ta fisiyo a nan Gombe, kuma ranar farkon nan da ta ɓata wa Baba rai ita ce ranar da na fi zuba hankalina a kan majinyaci. In za ka yi masa magana, ka tambaye shi ko ya taɓa sa almakashi a shaddar mutum bai ɗora masa tef ba. Abin da aka yi masa ke nan, awo aka ɗauka.

Ƙasusuwa 7 ne a wuya, a kansu kan mutum yake zaune, nauyinsa wajen kilo 5. Tela kuwa yini yake yi da wannan nauyi a rataye gaba, ido na kan allura. Idan mutum ya zauna a gabana nakan sa shi motsi shida: haɓa zuwa ƙirji, kallon sama, waiwaye dama da hagu, sai kunne zuwa kafaɗa ta kowane gefe. Dattawa ba na ma yi musu dogon bayani, cewa nake, "Baba, yi mini sallama kamar an idar da salla." Lafiyayyen wuya yana waiwaye wajen digiri 70 zuwa 80 kowane ɓangare, kuma kusan rabin wannan juyi daga ƙasusuwa biyu na can sama yake fitowa, waɗanda ke dab da ƙeya. Ina kallon inda ya tsaya, da abin da ya tsayar da shi, zafi ne ko tauri, da ko kafaɗarsa ta bi kan ta rufa masa asiri. Da yawa sun shekara suna sallama da ƙirjinsu gaba ɗaya ba su sani ba.

Daga nan sai in ce ya kwanta ya saki jiki, ni in juya masa kan da hannuna. In na wuce inda shi ya tsaya, to tsoka ce ta ƙanƙame, ko tsoron zafi ne ya hana shi. In kuwa ni ma a nan na ci karo da tauri, to gaɓar ce da kanta. Maganin waɗannan biyu ba ɗaya ba ne.

Tunda ka ce ciwon Baba na sauka hannu, na tabbata an karkatar masa da kai ɓangaren ciwon an ɗan danna daga sama. In ya ji abu ya tsarga masa har yatsu kamar wutar lantarki, alama ce jijiya ta matsu a inda take fitowa tsakanin ƙasusuwan. In an ɗan ɗaga kan sama ya ji sauƙi, zancen ya ƙara ƙarfi. Wasu tun daga bakin ƙofa nake gane su, za ka ga mutum ya shigo ya ɗora hannu a ka kamar wanda aka yi wa rasuwa, don a haka kaɗai jijiyar ke sarara masa.

Shi kuma "ture hannuna" da ya ba Baba haushi, gwajin ƙarfi ne, kuma maki muke bayarwa daga 0 zuwa 5, ma'aunin da likitocin Birtaniya suka tsara tun lokacin yaƙin duniya na biyu. Sifiri, tsokar ba ta ko motsi. Uku, mutum na iya ɗaga gaɓar amma da na ɗan danna sai ta faɗi. Biyar, cikakken ƙarfi. Amfaninsa shi ne jijiyoyin wuya takwas ne, kowace da aikin da aka ɗora mata. Ta biyar ita ke ɗaga hannu gefe daga kafaɗa. Ta shida na tanƙwara gwiwar hannu, kuma in ta matsu babban yatsa ne ke mutuwa. Ta bakwai na miƙe gwiwar, yatsan tsakiya nata ne. Ta takwas ita ce ta damƙa, ƙaramin yatsa ke ba da labarinta. Da wannan, da 'yar gudumar robar nan da ake ƙwanƙwasa gwiwa, sai in nuna maka da yatsa wurin da matsalar take a wuya tun ba a ɗauki hoto ba.

Akwai wani direban tifa da ya zo mini daga wajen Bajoga, allon kafaɗarsa duk tabon ƙaho, sabo a kan tsoho. Shi a wurinsa sanyi ne ya shige shi. Na ce ya miƙe hannu kamar zai tura giyar mota, na tare da yatsu biyu kacal, hannun ya dawo. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce a sake. Muka sake, haka dai. Ƙato ne mai ɗaukar buhun siminti, bai taɓa lura cewa tsokar bayan damtsensa ta koma maki uku ba. Kafaɗar da ake ta tsagawa lafiyarta ƙalau, jijiya ta bakwai ce a wuya. Bayan sati shida na motsa jiki da gyaran zama a mota muka sake gwadawa, sai da na sa tafin hannu da nauyin jikina kafin na tanƙwara shi.

Akwai kuma gwajin juriya. Mutum ya kwanta rigingine, ya ja haɓa ciki, ya ɗaga kai kamar inci ɗaya daga gado ya riƙe. Mai lafiya kan kai wajen rabin minti. Telolin da nake gani da masu ɗinkin hula sau da yawa kafin daƙiƙa 10 wuyan ya fara rawa, haɓar ta ɓalle sama. Ƙananan tsokokin da ke can cikin gaban wuya ne suka yi rauni, manyan na waje suka karɓi aikin, su ne kuma ke yi wa mutum tsami da yamma.

Gadon baya ma haka ake bin sa. Ƙasusuwa 12 ne a sama inda haƙarƙari ya maƙale, 5 a ƙasa wajen kwankwaso. Wataƙila ka ga an ɗiga masa alama biyu da biro a baya. Ana sa ɗaya daidai 'yan ramukan nan biyu na ƙugu, ɗaya santimita 10 a samanta, sai ya yi ruku'u, tazarar ta ƙaru da kamar santimita 5, wato inci biyu a tef ɗin Baba. In ba ta ƙaru ba, da cinyoyi yake sunkuyawa, bayan a sandare yake. Sai a ɗaga masa ƙafa a miƙe yana kwance, a sa shi tafiya a kan dunduniya da kan yatsu, a ga ko zai iya ɗaga ƙugu daga gado ya riƙe.

Abin da ya sa na ɗauki wannan rana da nauyi haka, wata baiwar Allah ce da aka kawo mini a farkon fara aikina. Takardarta ta ce ciwon baya, layi ya yi tsawo, na kunna mata fitilar gashi ba tare da na tuɓe bayan na duba da kyau ba. Sati uku tana zuwa. Ranar da 'yarta ta ce mini Inna na jiƙa zani da gumi cikin dare, ga rama, sannan na shafa tsakiyar bayan na ji wani ƙashi ya turo kamar gwiwa. Tarin fuka ne ya ci ƙashin bayan. Allah Ya sa aka fara mata magani kafin ƙafafun su tafi gaba ɗaya, amma sati ukun nan ni na ɓata mata su, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kai. Tun daga ranar ban sake kunna wa kowa na'ura ba sai na gama tambaya da awo.

Saboda haka ka sa ido a kan Baba kafin Talatar. In ka ga maɓallin riga na gagararsa, ko zare ya daina shiga masa allura don yatsun sun yi nauyi, ko tafiyarsa ta koma tangaɗi, kada ku jira, laka ce ke iya matsuwa. Haka in fitsari ya riƙe ko yana zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, a daren ku tafi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na ƙwararru. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman da zafin bazara, sanƙarau ake fara tunani, wannan ba namu ba ne.

Wani cikin waɗanda suka amsa tambayarka ya ba ka shawarar ku tafi kai tsaye a yi hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki. Yana da ranarsa, kuma wanda ya gwada Baba shi zai faɗa in ta zo. Sai dai wani nazari da aka wallafa a 2015 a kan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu zaizayar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Dattijo irin Baba da wuya hotonsa ya fito tas. Gwajin hannu ne ke nuna wanne daga cikin abubuwan da hoton ya kama ne ke hana shi barci.

Ƙaho a fata yake tsayawa, ba ya isa inda jijiyar ta matsu. Abin da na fi jin tsoro shi ne masu fizgar wuya ya yi ƙara, a shagon aski ko a gida. Kada kowa ya yi wa Baba wannan.

Ranar Talata ya sa riga mai sauƙin cirewa, ku tafi da duk magungunan da yake sha da tsofaffin hotuna in akwai. Ka ɗauki hotonsa a waya yana zaune a kan keken ɗinki yadda ya saba, daga gefe, ka nuna wa mai duba shi, don tsayin kujerar nan da inda haske yake faɗowa na cikin maganin. Ka roƙe shi ya faɗa maka lambobin da ya rubuta, digiri nawa wuyan ke juyawa dama da hagu, maki nawa hannun ya samu, ka ajiye, bayan sati huɗu a sake awo ku gwama. In ka shiga gaishe da Baba da safe, tambaye shi wane yatsa ne ke mutuwa, babba ne, na tsakiya, ko ƙarami, ka rubuto mini a nan.